Farkon Zamanin Dainoso: Abin da Duwatsu Suke Nunawa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi aiki da matasa a ikilisiya ya san irin wannan tambaya. Yaro ya dawo daga makarantar sakandare, ko ya ga wani fim a waya, sai ya tare fasto bayan sujada ya ce, "Baba, da gaske ne an taɓa yin dainoso? Yaushe suka rayu?" Shugaban da bai san komai a kan batun ba yakan kori tambayar da tsawa, ko kuwa ya ba da amsar da yaron zai gano daga baya cewa ba daidai ba ce. Dukansu asara ce. Yaron da ya kama malaminsa da kuskure a kan maganar ƙashi, gobe zai yi shakkar maganarsa a kan abin da ya fi ƙashi nauyi.

Manufar wannan darasi ita ce mu ji abin da masu binciken duwatsu suke faɗa game da farkon zamanin dainoso, mu kuma ga hanyar da suka bi suka kai ga faɗarsa. Yadda za a ajiye wannan kusa da surorin farko na Littafin Farawa batu ne da masu bi suka daɗe suna tattaunawa, kuma ra'ayinsu bai zama ɗaya ba. Ba shi ne aikinmu a nan ba. Amma ko wane ra'ayi mutum ya riƙe, ya kamata ya iya faɗar maganar masana yadda in sun ji za su ce, "I, haka muka ce." Shekarun da za a ambata a gaba duka bisa lissafinsu ne.

Abu ɗaya nake so mu riƙe tun daga farko. Dainoso ba su fara da sarauta ba. Sun fito ƙanana, ba su da yawa, suna raɓe a gefen dabbobin da suka fi su girma da ƙarfi. Halaka ɗaya ta share duniya kafin su fito, halaka ta biyu kuma ta kawar da abokan hamayyarsu. Tsakanin waɗannan biyu labarinmu yake.

1. Yadda ake karanta dutse

Mai haƙa rijiya ya riga ya san darasin farko. Yakan fara da baƙar ƙasa, ya shiga ja, ya tarar da marmara, ya wuce zuwa yumɓu ko yashi. Ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa take. Ruwa da iska suna kwaso laka da yashi su zube su a kwari, ko a gindin tafki, ko a ƙasan teku. Wata shimfiɗa ta hau kan wata, nauyi ya danne ta ƙasa, a hankali ta zama dutse. In dabba ta mutu laka ta rufe ta da wuri, ma'adinan da suke cikin ruwan ƙasa sukan shiga ƙasusuwanta su mai da su dutse. Wannan shi ake kira burbushin halitta.

A shekara ta 1669 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Nicolas Steno, wanda daga baya ya zama bishop, ya rubuta ƙa'idar a fili: in ba a birkita wuri ba, shimfiɗar da take ƙasa ta riga ta sama. Bayan shekaru da yawa wani Bature mai awon hanyoyin ruwa a Ingila, William Smith, ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da nata irin burbushi, kuma jerinsu iri ɗaya ne daga wannan gari zuwa wancan. Da wannan ya zana taswirar duwatsun Ingila a 1815. Ta haka aka san wace shimfiɗa ce ta riga wace, tun ba a san shekarun kowace ɗaya ba.

Ƙidayar shekaru ta zo ne a ƙarni na 20. Dutse mai aman wuta yakan watsa toka, a cikin tokar kuma akwai ƙananan ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zirkon. Lokacin da ƙwayar zirkon take ƙulluwa takan ɗauki yuraniyom, amma ba ta karɓar dalma. Yuraniyom kuwa yana rikiɗa ya zama dalma a hankali, da saurin da aka auna: irinsa mafi yawa yana ɗaukar kimanin shekara miliyan 4,500 kafin rabinsa ya rikiɗe, wani irin kuma kimanin miliyan 700. In aka auna yuraniyom da dalmar da suke cikin ƙwayar, sai a lissafta tun yaushe ta ƙullu. Da yake iri biyu ne, agogo biyu ke nan a ƙwaya ɗaya, kowanne yana duba ɗan'uwansa.

A lura da abu biyu. Ba ƙashin ake aunawa ba, tokar da take ƙarƙashinsa da wadda take samansa ake aunawa, sai a ce ƙashin yana tsakani. Sa'an nan ba a amfani da awon kabon, wanda mutane suka fi jin sunansa, domin shi ba ya wuce shekara 50,000 ko makamancin haka. Wanda ya tashi sukar shekarun dainoso ta hanyar sukar awon kabon ya bugi inda ba a nan maganar take ba.

2. Sunan zamanin

Masana sun raba zamanin dainoso kashi uku: Tirayasik, Jurasik da Kiretashiyos. Na farkon ne batunmu. Ya fara kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce, ya ƙare kimanin miliyan 201.

Wani injiniyan haƙar gishiri a Jamus, Friedrich von Alberti, shi ya raɗa sunan a 1834, daga kalmar da take nufin uku. Dalilinsa shi ne a kudancin Jamus duwatsun wannan zamani hawa uku suke. A ƙasa akwai jan dutsen yashi, wanda koguna da iska suka zube a busasshiyar ƙasa. A tsakiya akwai dutsen farar ƙasa cike da ɓawon halittun ruwa, alamar cewa teku ta shigo ta rufe wurin. A sama akwai dutsen laka mai launi-launi, na lokacin da tekun ta janye ta bar fadamu da tafkunan gishiri. Mutum yana tsaye a gindin tudu ɗaya yana kallon tudu ya zama teku, teku ta sake zama tudu.

3. Halaka ta farko

Zamanin da ya riga Tirayasik sunansa Permiyan, kuma yana da nasa dabbobin. An haƙo wasunsu kusa da Arlit a arewacin Nijar. Ɗaya daga ciki shi ne Bunostegos, mai cin ganye, girman saniya, kansa duk ƙulu-ƙulu, wanda aka bayyana wa duniya a 2003.

Wannan zamani ya ƙare da halaka mafi girma da duwatsu suka nuna. A yankin Saiberiya na ƙasar Rasha, ƙasa ta tsage, narkakken dutse ya yi ta malala har ya rufe fili mai faɗin miliyoyin murabba'in kilomita. Wutar ta bi ta cikin kwal da sauran duwatsu masu kabon da suke ƙarƙashin ƙasa ta ƙona su. Iskar kabon ta cika sararin sama, duniya ta yi zafi, ruwan teku ya yi tsami, iskar numfashi ta ragu a cikinsa. A Meishan, a ƙasar Sin, akwai shimfiɗun teku da toka a tsakaninsu, kuma awon tokar ya nuna cewa mafi munin halakar bai kai shekara 100,000 ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ire-iren halittun teku sun ƙare. A tudu ma dazuzzuka sun mutu, har aka yi shekaru miliyoyi ba a sami sabuwar shimfiɗar kwal ba, domin babu kurmin da zai zama kwal.

Cikin 'yan kaɗan da suka tsira akwai Lystrosaurus, dabba mai girman alade, mai baki kamar na kunkuru da haure biyu. A wasu shimfiɗun yankin Karu na Afirka ta Kudu, mafi yawan ƙasusuwan da ake tsinta nasa ne. An kuma same shi a Indiya, da Sin, da Rasha, a 1969 kuma aka same shi a Antaktika, nahiyar ƙanƙara. Yaya dabba mai gajerun ƙafafu, wadda ba ta iya ƙetare teku, ta kai dukan waɗannan wurare?

4. Ƙasa ɗaya, teku ɗaya

Amsar ita ce da ƙafa ta je. A wancan lokaci nahiyoyin duniya a haɗe suke wuri ɗaya. Alfred Wegener, wani masani Bajamushe, ya kawo wannan magana a 1912, aka yi ta yi masa dariya, sai bayan mutuwarsa awon ƙasan teku ya gaskata shi. Sunan wannan babbar nahiya Panjiya, wato "dukan ƙasa". Ta miƙe daga kusa da ƙuryar arewa har zuwa ƙuryar kudu, teku ɗaya tana kewaye da ita. Babu Tekun Atilantika. Gaɓar da Legas da Kalaba suke a yau manne take da arewa maso gabashin Brazil, Maroko kuma tana jingine da gabashin Amurka ta Arewa.

Ƙasa mai wannan faɗi, tsakiyarta nesa take da teku, saboda haka hamada ta yi yawa. Jajayen duwatsun yashi da shimfiɗun gishiri na wannan zamani su ne shaida. Duniya ta fi ta yau zafi, babu tulin ƙanƙara a ƙuryoyinta. A wurare da yawa shekara biyu take rabuwa: damina mai ambaliya, da rani mai tsanani.

Da mutum zai tsaya a bakin wani kogi na lokacin, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne babu ciyawa, babu fure, babu 'ya'yan itace irin waɗanda muka sani. Waɗannan duka sun zo daga baya. Akwai dogayen itatuwa dangin fayin, da wasu gajeru masu kama da dabino ko da yake ba danginsa ba ne, da tsire-tsire marasa fure masu ganye kamar gashin tsuntsu. A jihar Arizona ta Amurka har yanzu manyan gungumen itatuwan wannan zamani suna kwance a fili, sun zama dutse.

5. Masu ƙarfin zamanin

Bayan duniya ta farfaɗo, wani gida na dabbobi masu rarrafe ya bunƙasa, ya rabu reshe biyu. Reshe ɗaya shi ne wanda kada ya fito daga cikinsa. Ɗayan shi ne na dainoso, wanda masana suka ce tsuntsaye ne zuriyarsa da ta rage. A yau kada iri kaɗan ne, duk kuma kamarsu ɗaya, tsuntsaye kuwa dubbai. A zamanin Tirayasik abin a juye yake.

Dangin kada ne suke da ƙasa. Akwai manyan maciya nama irin su Saurosuchus a Ajantina da Postosuchus a Amurka, masu tsawon mita 5 zuwa 7, waɗanda suke tafiya a tudu da ƙafafu a miƙe ƙarƙashin jikinsu. Akwai masu cin ganye da sulken ƙashi a bayansu da hanci kamar na alade. A koguna akwai wasu da ake kira faitoso, waɗanda duk wanda ya gan su zai rantse kada ne. Amma kama da wane ba ta wane: kada hancinsa a ƙarshen baki yake, su kuwa nasu yana can kusa da idanu.

Ban da su akwai rinkoso, masu cin ganye da baki kamar na aku, garke-garke. Dangin Lystrosaurus ma ba su ƙare ba; a ƙasar Folan an sami ɗayansu, Lisowicia, wanda ya kusa girman giwa. A ƙarshen zamanin ne aka fara ganin ƙananan dabbobi masu gashi, girman ɓera, waɗanda suke gab da zama masu shayarwa. Kunkuru na farko ya fito a wannan zamani, haka ma masu rarrafe masu fiffiken fata da suke tashi sama, da masu kama da kifi a teku. Waɗannan biyu na ƙarshe sau da yawa akan kira su dainoso a fina-finai, amma ba su ba ne.

6. Dainoso na farko

To, mene ne dainoso? Richard Owen na Ingila ne ya ƙirƙiro sunan a 1842, daga kalmomin Helenanci biyu masu nufin "ƙadangare mai ban tsoro". Sunan ya ɗan ɓatar da mutane, domin su ba ƙadangaru ba ne. Bambancin yana a ƙugu da ƙafa. Ku dubi damo yana gudu: ƙafafunsa a gefe suke, jikinsa yana lanƙwasa dama da hagu, wannan lanƙwasa kuma tana matse huhunsa. Ku dubi kaza ko jimina: ƙafafu suna tsaye daidai ƙarƙashin jiki. Haka na dainoso suke. Kan ƙashin cinyarsa ya juya ciki ya shiga wani rami da ya huda ƙashin ƙugu, idon sawunsa kuma yana motsi gaba da baya kawai kamar maratayin ƙofa, yana taka ƙasa da yatsu. Ta waɗannan alamu masani yake gane dainoso ko da ƙashi kaɗan ya samu.

Wurin da ya fi ba da labarin farkonsu shi ne Ischigualasto, a lardin San Huwan na yammacin Ajantina. A yau busasshen kwari ne da mutanen wurin suke kira Kwarin Wata, amma a da fadamar koguna ce, kuma duwatsu masu aman wuta suna zuba mata toka. An auna tokar da take kusa da gindin shimfiɗun, ta ba da kimanin shekara miliyan 231. A 1959 wani makiyayi mai suna Victorino Herrera ya nuna wa masana wasu ƙasusuwa a wurin, a 1963 kuma Osvaldo Reig ya sa wa dabbar sunansa, Herrerasaurus. Maciyin nama ne mai tafiya da ƙafa biyu, tsawonsa mita 3 zuwa 6. A 1991 Ricardo Martínez, yana cikin ayarin da ya haɗa da Paul Sereno, ya tsinci wani ƙarami, Eoraptor, wanda tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, nauyinsa kamar kilo 10, wato ɗan akuya.

Abin lura shi ne ƙidaya. Da aka ƙirga dukan ƙasusuwan da aka tara a Ischigualasto, dainoso ba su wuce kamar ɗaya cikin goma ba. Rinkoso da dangin masu shayarwa sun fi su yawa nesa ba kusa ba, Saurosuchus kuma ya fi kowannensu girma.

An sami 'yan'uwansu masu kusan shekaru ɗaya a kudancin Brazil, inda awo ya ba da kimanin miliyan 233. A Afirka ma akwai. A 2022 aka bayyana Mbiresaurus daga arewacin Zimbabuwe, mai kimanin shekara miliyan 230. A kudancin Tanzaniya an sami Asilisaurus, wanda ba dainoso ba ne amma ɗan'uwansu ne na kusa. An ɗauko sunansa daga kalmar Suwahili "asili", wadda take daidai da tamu "asali". In aka mai da nahiyoyi yadda suke a Panjiya, Ajantina da Brazil da Zimbabuwe da Indiya suna faɗawa a ɗamara ɗaya ta kudu, mai sauƙin zafi. A can ne aka sami mafi tsufan dainoso da aka tabbatar.

7. Ruwan sama da yaɗuwa

A 1989 masana biyu a Birtaniya, Michael Simms da Alastair Ruffell, suka lura cewa a tsakiyar jajayen duwatsun hamada na wannan zamani akwai shimfiɗar yashin kogi mai nuna ruwa da yawa. Da aka duba wasu ƙasashe sai aka tarar da irinta. Tsakanin kimanin shekara miliyan 234 da 232 da suka wuce, duniya ta yi shekara miliyan ɗaya zuwa biyu cikin danshi da yawan ruwan sama. Masana da yawa suna danganta wannan da aman wuta a ƙasan teku, wanda duwatsunsa suke yanzu a Alaska da yammacin Kanada. Tsire-tsire sun canja, wasu dabbobi sun ragu. A duwatsun arewacin Italiya, shimfiɗun da suke ƙasa da wannan lokaci suna ɗauke da sawun dangin kada, na samansa kuma sawun dainoso mai yatsu uku ya bayyana a cikinsu.

Daga nan suka fara yaɗuwa, amma sannu a hankali. A Turai aka sami Plateosaurus, mai cin ganye mai dogon wuya, wanda manyansa suka kai mita 10. An sa masa suna tun 1837, an kuma haƙo da yawa a Trossingen a Jamus. Amma a yankunan tsakiyar duniya masu tsananin zafi, irin waɗannan manya ba su zauna ba sai bayan zamanin ya ƙare. Dainoson da suke can ƙanana ne.

Ɗaya daga cikinsu yana da darasi a gare mu. A 1947, a wani wuri mai suna Ghost Ranch a jihar New Mexico ta Amurka, ayarin Edwin Colbert ya tarar da ɗaruruwan Coelophysis a rami ɗaya, sirara masu tsawon kamar mita 3. A cikin haƙarƙarin wasu an ga ƙananan ƙasusuwa, sai aka ce suna cin 'ya'yansu. Wannan magana ta shiga littattafai ta yi shekaru fiye da 50. A 2006 Sterling Nesbitt da abokan aikinsa suka sake duba ƙasusuwan, suka tarar na wani ƙaramin dangin kada ne. Masanan sun yi kuskure, kuma su ne suka koma wa ƙashin suka gyara. Saboda haka in muna karanta maganarsu, mu riƙa bambanta abin da aka gani a dutse da fassarar da aka yi masa. Ƙashin yana nan yadda yake. Fassara ce takan canja.

8. Halaka ta biyu

An daɗe ana koyar da cewa dainoso sun ci nasara ne domin sun fi sauran ƙira. A 2008 Stephen Brusatte da abokan aikinsa suka gwada siffofin ƙasusuwan reshen biyu, suka tarar cewa har ƙarshen Tirayasik dangin kada sun fi dainoso yawan ire-iren siffa da hanyoyin neman abinci. Shekara miliyan 30 suna zaune tare, dainoso ba su ture su ba.

Abin da ya ture su daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. Kimanin shekara miliyan 201 da suka wuce Panjiya ta fara tsagewa a inda Tekun Atilantika take yanzu. Narkakken dutse ya ɓullo a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita miliyan 10, wato ya ninka Nijeriya fiye da sau goma. Ragowarsa tana nan a nahiyoyi huɗu: a duwatsun Atlas na Maroko, a Mali da Gini, a Brazil, a Sifen, da kuma a dogon bangon dutsen da yake bakin Kogin Hudson daura da birnin New York. Awon zirkon ya nuna cewa aman farko ya zo daidai da lokacin halakar.

Ganye ma ya ba da shaida. A bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da yake shaƙar iskar kabon da su. In iskar ta yi yawa, ganye yakan rage yawan ƙofofin. A 1999 Jennifer McElwain da abokan aikinta suka ƙirga ƙofofin a burbushin ganyaye daga Girinlan da Suwidin, suka ga sun ragu ƙwarai a daidai wannan iyaka. Abin da ya faru a halaka ta farko ya sake faruwa: zafi, da tsamin teku, da mutuwa.

Faitoso sun ƙare. Masu sulke sun ƙare. Manyan maciya nama na dangin kada sun ƙare, ba abin da ya rage a reshen sai wasu ƙanana, waɗanda kadan yau suka fito daga cikinsu. Dainoso kuwa suka ƙetare. A shimfiɗun tsofaffin tafkuna na gabashin Amurka, sawun manyan dangin kada yana ɓacewa a wannan iyaka, sama da ita kaɗan kuma sai ga sawun dainoso mai yatsu uku, ya fi na da girma. Masana suna kawo dalilai dabam-dabam na tsirarsu: saurin girma, kyawun numfashi, ko wani abu mai kama da gashin tsuntsu da ya kare su daga sanyin da hayaƙin aman wuta yakan kawo kafin zafi. Har yanzu suna muhawara a kai. Abin da suka yarda da shi shi ne faɗuwar wani tashin wani: fili ya buɗe, waɗanda suka rage suka cika shi.

9. Tsawon lokacin

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara dukan dainoso a zamani ɗaya. Ga hanyar da za a iya nuna wa matasa a fili. A ɗauki igiya mai tsawon mita 252, kowace mita a matsayin shekara miliyan ɗaya. Bakin igiyar shi ne halaka ta farko. A wajen mita 20 za a ɗaura ƙyalle domin dainoso na farko. A mita 51, halaka ta biyu.

Sai an yi tafiya har wajen mita 140 kafin a iso ga dainoson da aka fi sani a yankinmu, wato waɗanda aka haƙo a Gadufawa, cikin hamadar Tenere kudu maso gabashin Agadas. A can aka sami Ouranosaurus, wanda Philippe Taquet ya sa wa suna a 1976, da Nigersaurus, wanda Paul Sereno, shi wannan da ya yi aiki a Ajantina, ya bayyana tare da abokan aikinsa a 1999. Na zamanin Kiretashiyos ne, kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. Wanda ya sami zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Wannan ya isa amsa ga mai cewa ƙirƙira ce ta masu fim.

A mita 186 ne dainoso marasa fiffike suka ƙare, ciki har da Tyrannosaurus mai suna. Tsakaninsa da Eoraptor akwai mita fiye da 160, tsakaninsa da mu kuwa 66 kawai. Dukan tarihin ɗan Adam da aka rubuta, shekara 5,000, yana a can ƙarshen igiyar, faɗinsa kamar ƙwayar dawa ɗaya.

Kammalawa

In yaron nan ya sake tare ku bayan sujada, kuna da abin faɗa masa. Ƙasusuwan na gaske ne, har a Nijar akwai su. Masana suna sanin jerinsu ta shimfiɗun dutse, shekarunsu kuma ta tokar aman wuta. A lissafinsu, dainoso na farko sun fito kimanin shekara miliyan 230 da 'yan kai da suka wuce a kudancin Panjiya, da yawansu ba su fi ɗan akuya ba, suka yi shekara miliyan 30 a ƙarƙashin dangin kada kafin halaka ta buɗe musu hanya. In ya yi tambayar da ta wuce wannan, ku zauna ku bincika tare da shi. Yaron da ya ga malaminsa yana faɗar maganar wasu daidai, zai dawo da tambaya ta biyu.

Tambayoyi domin nazari

1. Ka bayyana da kalmominka bambancin sanin wace shimfiɗa ce ta riga wace, da sanin shekarun shimfiɗar.
2. Me ya sa ba a amfani da awon kabon wajen ƙidayar shekarun dainoso?
3. Waɗanne alamu ne a ƙugu da ƙafa suke raba dainoso da damo?
4. A labarin Coelophysis, mene ne aka gani a dutse, mene ne kuma fassara?
5. Ka shirya bayani na minti biyar a kan igiyar mita 252, yadda za ka gabatar da shi a taron matasa.